Babi na Shida: Tankin Madara da Taragon Fasinja a Tafin Hannu

Tun daga shekarar 1911, sa'ad da layin dogon da aka faro daga Baro, a bakin kogin Kwara, ya iso birnin Kano, ƙasar Daura ta yi shekara da shekaru ba ta taɓa jin kukan jirgin ƙasa a cikin iyakokinta ba. Domin da aka miƙa reshe daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda a 1929, ta Funtuwa da Gusau ya bi, da aka kuma miƙa wani daga Kano zuwa Nguru a 1930, ta Ringim da Malam Madori ya ratsa, saboda haka duk mutumin Daura da ya yi nufin ganin jirgi, ko shiga cikinsa, ba shi da makawa sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 100 zuwa Kano, da can a ƙasa ko a kan jaki, daga baya a cikin mota. Amma Allah mai jujjuya al'amura ne. A watan Disamba na 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri a Daura, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya ɗauki nauyin ginawa, a watan Fabrairu na 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, aka damƙa shi ga kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal, aka kuma tsara ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya kafin ya tsallaka iyaka. Wannan ne ya sa na ga dacewar in keɓe babi guda ga wata sana'a wadda mutanenmu ba su san ta da sunanta ba, alhali kuwa rabin iliminta yana hannun 'ya'yansu tun fil azal, wato sana'ar ƙera ƙananan taragun jirgin ƙasa bisa ma'auni.

Duk wanda ya tashi a Daura, ko Zango, ko Ɓaure, ko Sandamu, ko Mai'aduwa, ya san abin da yara ke yi da kaka, bayan an yanke dawa an jibge kara a bakin gona. Sukan zaɓi kara mai kauri, su feƙe ɓawonsa tsinke-tsinke, su yanka totuwarsa gunduwa-gunduwa, su yi ta soka wannan a cikin wancan har mota ta tashi da kanta da bodinta, a yi mata ƙafafu da sakaina ko da tsohon silifa. Waɗanda suka ɗan tasa sukan bar kara su koma ga langa-langa da waya da gwangwani, kuma a nan ne za ka ga abin mamaki: yaro ya samo gwangwanin madarar Peak guda biyu ko uku, ya haɗa su baki da baki, ya kwantar da su a kan shasin da ya lanƙwasa da hannunsa, ya yi musu murfi a bisa da tsani a gefe, sai ga tankar mai irin wadda yake gani tana wucewa zuwa Kwangwalam. Ba wanda ya koya masa, ba takarda a gabansa, ba kuma kayan aiki in ban da dutse da ƙusa da tsohuwar reza. Ni ina ganin wannan baiwa ce babba, kuma abin baƙin ciki ne a ce da zarar yaro ya kai munzali sai a ce masa ya bar wasan yara, baiwar ta mutu ba ta haifi kome ba. Abu guda ya rage masa, shi ne ma'auni. Domin idan ka dubi motarsa da kyau za ka tarar ƙafar ta fi ƙarfin bodin, ko kan ya kai rabin tankin, tun da ido ne ya auna, shi kuwa ido yakan girmama abin da ya burge shi ya ƙanƙanta abin da bai dame shi ba.

A ƙasashen Turai wannan sha'awa ba ta tsaya ga yara ba, dattawa ne ma suka fi riƙe ta, har ta zama fanni mai ƙa'idoji da littattafai da ƙungiyoyi. Kamfanin Märklin na Jamus ne ya fara fito da tsayayyun ma'aunai na faɗin layi a bajekolin birnin Leipzig a 1891. A Ingila kuma Frank Hornby, mutumin Liverpool, wanda ya ƙago ƙarafan haɗi na Meccano a 1901, shi ne ya kai ƙananan jirage gidajen talakawa, har kamfaninsa ya fito da samfurin Hornby Dublo a 1938. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da roba ta yi arha, sai kamfanoni irin su Airfix da Kitmaster da Ratio da Slater's suka riƙa sayar da tarago a warwatse cikin kwali, kowane gefe daban, rufi daban, ƙafafu daban, tare da takardar bayani, mai saye ya haɗa da kansa. Wannan shi muke kira kwalin haɗi a cikin wannan littafi.

Ma'anar ma'auni kuwa ita ce a ɗauki adadi guda a raba kowane tsawo na abin asali da shi, ba tare da togiya ba, tun daga tsawon tarago har zuwa kaurin marikin ƙofa. Mutanen Ingila sun fi son wanda suke kira OO, inda kowace ƙafa guda ta awo take komawa milimita 4, wato kashi ɗaya cikin 76. Sauran Turai da Amurka sun fi riƙo da HO, kashi ɗaya cikin 87. Akwai kuma babba, O, mai milimita 7 a kowace ƙafa, wanda ya fi sauƙi ga mai raunin gani. A cikin OO akwai wata illa da masu tahƙiƙi suka daɗe suna kuka da ita, ita ce an yi jikin tarago da kashi ɗaya cikin 76, amma aka ɗora shi a kan layi mai faɗin milimita 16.5, wanda na HO ne, alhali lissafi na gaskiya milimita 18.83 yake bayarwa. Don haka wasu daga cikinsu suka ƙi yarda, suka koma suna shimfiɗa layinsu da hannu. Mu wannan mas'ala ta shafe mu ta wata fuska. Tsohon layin Nijeriya faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1067, wanda idan aka raba da 87 zai ba da milimita 12 da ɗan ɗoriya, idan kuma aka raba da 64 zai ba da kusan 16.5, kuma da wannan na biyun ne masu sha'awar jiragen ƙasar New Zealand suke aiki, tun da layinsu faɗinsa ɗaya da tsohon namu. Sabon layin da zai bi ta Daura kuwa mai faɗin milimita 1435 ne, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, kuma idan aka raba shi da 87 sai ya faɗa daidai a kan 16.5, ba ragi ba ƙari. Saboda haka wanda ya yi niyyar ƙera jirgin Daura ya riƙi HO, ya huta da saɓanin da ya raba kan mutanen Ingila.

Mai karatu yana iya tambaya, don me na zaɓi tankin madara na Ingila ya zama darasi, alhali nonon ƙasarmu a ƙwarya muka san shi, an rufe shi da faifai, yana bisa kan Bafillatana daga ruga zuwa kasuwa? Dalili shi ne, ban san wani tarago ba wanda kowane sashe na jikinsa yake da hujja bayyananniya kamarsa, ta yadda mai haɗa shi ba zai gama ba sai ya fahimci abin da ya sa aka yi kowane ƙarfe inda aka yi shi.

Asalin al'amarin shi ne, mutanen Landan a da shanunsu a cikin gari suke, a ɗaure a garke, ana tatsa ana sayarwa. A 1865 sai annobar bushiya, wadda Filaninmu suka sani sarai, ta faɗa wa waɗannan shanu ta hallaka su da yawa, gari ya rasa madara. Wani ɗan kasuwa, George Barham, wanda ya kafa kamfanin Express, shi ne ya yi fice wajen ɗauko madara daga ƙauyuka masu nisa a cikin jirgin ƙasa, ana zuba ta a manyan tulunan ƙarfe masu cin galan 17, ana mirgina su a tasha ana lodawa. Haka aka yi ta yi fiye da shekara 60, da wahalar ɗauka da wahalar wanki, har zuwa 1927, lokacin da kamfanonin jirgi na GWR da LMS suka fito da tanki guda mai cin galan 3,000, wato kimanin lita 13,600, wanda aka shafe cikinsa da gilashi domin kada madara ta taɓa ƙarfe, aka kuma naɗe bayansa da abin da ke tsare sanyi domin kada ta yi tsami a hanya. Wani abin lura shi ne tarago ɗaya masu shi biyu ne: shasi da ƙafafu na kamfanin jirgi, tanki kuwa na kamfanin madara, shi ya sa za ka ga sunan United Dairies ko Express a jikin tanki, amma lambar kamfanin jirgi a ƙasa. Na farkon masu ƙafa huɗu ne, kuma tun da madara ba ta jira, a jikin jiragen fasinja masu gudu ake ɗaura su, ko a haɗa musu jirginsu na musamman, sai aka tarar suna tangaɗi a kan layi, kowace matar ruga kuwa ta san abin da jijjiga ke yi wa madara. Daga 1931 sai aka koma yin su da ƙafa shida, aka kuma mayar da tsofaffin haka, suka ci gaba da tahowa kowane dare daga yammacin Ingila da ƙasar Wels zuwa Landan, har farkon shekarun 1980 da motocin tanka suka karɓe aikin.

To, idan aka buɗe kwalin haɗi na irin wannan tanki, abin da ya fi kyau a fara yi shi ne a bar gam a rufe, a karanta takardar daga farko har ƙarshe, a baje sassan a kan faranti ko tire mai baki domin kada ƙananan su ɓace, a kuma gwada kowane biyu da juna a bushe. Kayan aikin ba su da yawa: wuƙa mai kaifin aska, da ƙaramin magagari, da samfefa mai laushi, da matsefata, da ɗan hantsaki, da siririn burushi, da guntun gilashi shimfiɗaɗɗe wanda za a riƙa ɗora aiki a kai. Ba a ɓalle sashe daga reshen robar da yake maƙale da shi da hannu, yankewa ake yi, a goge wurin. Da shasi ake farawa, domin shi ne asasi. Tsawonsa na asali kimanin ƙafa 20 ne, wato kusan milimita 80 a ma'aunin OO, kuma sharaɗinsa ya zauna daram, kusurwoyinsa huɗu daidai, sandunan ƙafafunsa uku suna kallon juna ba karkata. Hanyar tabbatar da haka ita ce a ɗora shi a kan gilashin nan tun gam bai kama ba, a duba ko akwai ƙafar da ta ɗaga. Tazarar da ke tsakanin bayan ƙafa da bayan 'yar'uwarta milimita 14.5 ce a OO, kuma kuskuren rabin milimita ya isa ya kayar da tarago a mararrabar layi. Ƙafafun tsakiya su ne wurin da mafari ke tuntuɓe, domin lanƙwasar ƙaramin layi ta fi ta babban layi tsanani nesa ba kusa ba, saboda haka wajibi ne a bar musu ɗan sarari su riƙa zamewa hagu da dama, in ba haka ba tarago zai tafi lafiya a miƙaƙƙen layi, ya ƙi shan kwana.

Gam ɗin da ake amfani da shi ga roba ruwa ne tsararo, ba liƙewa yake yi ba, narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu guda. Saboda haka haɗa sassan ake fara yi, sa'an nan a taɓa bakin haɗin da kan burushi, ruwan ya bi tsagin da kansa. Wanda ya yawaita shi zai ga zanen yatsansa ya fito a jikin tarago, ba kuwa mai share shi. Idan kwalin na tagulla ne sai dalma, irin wadda masu gyaran rediyo suka saba da ita, amma mai narkewa a zafin digiri 145. Idan kuma akwai sassa na farin ƙarfe mai laushi, to sai wadda ke narkewa a 70, domin shi kansa ƙarfen ba ya jure wuta.

Shi tankin yakan zo ne ɓari biyu. Kafin a rufe shi a liƙa ɗan guntun dalma a cikinsa ta ƙasa, saboda tarago mara nauyi ba ya zama a kan layi, kuma asalinsa idan ya cika nauyinsa yakan kusanci na taragon fasinja. Bayan an haɗa, a bar shi ya kwana, sa'an nan a cike tsagin a goge shi da samfefa, a zagaye ba a miƙe ba, har sai yatsa ya wuce bai ji kome ba. Ni a wurina nan ne ake gane mai haƙuri, domin tanki mai tsagi a gadon bayansa ya tona asirin mai shi ko da ya ƙawata sauran. Daga nan sai gammon da tanki ke kwanciya a kai, da ɗamarun ƙarfe da suka zagaye shi, da katakan da suka tokare shi gaba da baya, da sandunan da suka taso daga waɗannan katakai suka gangara a karkace zuwa shasi. Waɗannan sanduna ba ado ba ne: lita dubu goma sha uku idan aka taka birki gaba take son wucewa, su ne ke riƙe tankin kada ya bi ta. A cikin kwali sukan zo da roba, masu kauri fiye da ƙima, kuma gwanaye sukan jefar da su su sa siririyar wayar tagulla, haka nan sukan yi wa tsanin da ake hawa a buɗe murfi, da famfon da ake juye madara ta ƙasa, da bututun birki da ke rataye a kowane ƙarshe. Wannan bututu ma shaida ne, domin taragun kaya na wancan zamani yawancinsu birkin hannu kaɗai gare su, amma tankin madara, tun da abokin tafiyar fasinja ne, birkinsa a haɗe yake da kan jirgi.

Misalin mai wannan aiki kamar misalin almajirin da ke kwafar littafin fiƙihu da hannu ne: ba shi da izinin ƙara kalma don ta yi masa daɗi, ko ya rage wata don ta yi masa wuya, kuma idan ya gama ba ya cewa ya gama sai ya yi muƙabala, ya ajiye nasa kusa da na asali ya bi su layi-layi. Asalin mai ƙera tarago shi ne hoto da zanen injiniyoyi, kuma ya kamata ya zaɓi tarago guda sananne, mai lamba, a shekara sananniya, ya bi shi. Domin tankunan nan ba duka suka zama ɗaya ba, na wannan kamfani tsaninsa a tsakiya, na wancan a gefe, wani yana da dandamalin tsayawa a bisa, wani ba shi da shi. Wanda ya ɗebo daga nan ya ɗebo daga can zai fito da abu kyakkyawa wanda bai taɓa wanzuwa ba, kuma wanda ya gani bayansa zai ɗauka haka aka yi.

Fenti ma a ƙarƙashin wannan ƙa'ida yake. A wanke tarago da ruwa da sabulu a kawar da maiƙon hannu, a shafa fentin share fage, sa'an nan a bi shi da launinsa, shafa biyu ko uku marasa kauri, domin shafa ɗaya mai kauri takan binne kawunan ƙusoshi da aka sha wuya wajen fito da su. Tankunan Express shuɗi ne launinsu, wasu kamfanoni kuma fari ko ruwan azurfa, shasi baƙi. Rubutu yakan zo a wata siririyar takarda da ake jiƙawa a ruwa a zamar da shi a kan jiki, kuma ba ya kwanciya da kyau sai a kan fenti mai sheƙi. Abu na ƙarshe, wanda mafari kan ji nauyin yi, shi ne a ɓata abin da aka gyara da gangan: hotunan shekarun 1960 da 1970 suna nuna tankunan nan sun yi duƙun-duƙun, har launinsu ba ya ganuwa, ƙurar birki ta mayar da ƙasansu ruwan ƙasa, madarar da ta zube wajen lodi ta bar farin zane daga murfi zuwa ciki. Mai gaskiya zai sa wannan dauɗa da busasshen burushi, kaɗan-kaɗan, yana duban hoto.

Taragon fasinja ya fi tanki girma amma bai kai shi rikici ba. Wanda hukumar jiragen Birtaniya ta fito da shi a 1951 tsawonsa kimanin ƙafa 64 ne, wato ɗan sama da milimita 250 a OO, kuma akwati ne mai gefe biyu da ƙarshe biyu da daɓe da rufi, yana zaune a kan kekunan ƙafafu biyu masu juyawa. Sirrinsa a tartibi yake. A haɗa gefe ɗaya da ƙarshe ɗaya su yi kusurwa, a yi wa ɗayan haka, sa'an nan a haɗa su. A yi fenti ciki da waje kafin a sa gilashin taga. A kafa kujeru da bangayen ɗakuna kafin a ɗora rufi. Kada kuma a kusanci gilashi da gam mai kamawa nan take, domin tururinsa yakan bar farin hazo wanda ba ya fita. Marikan ƙofa da ƙarafan dafawa, idan an kankare na roba an huda an sa na waya, tarago yakan canza kama gaba ɗaya.

Akwai kuma abin da takardar cikin kwali ba za ta gaya wa mutumin Daura ba, tun da ba don ƙasarsa aka rubuta ta ba. Zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, yana lanƙwasa roba, saboda haka ba a barin tarago a ɗakin kwano da rana ko a bakin taga. Gam yakan bushe a kan burushi kafin ya kai inda aka nufa, don haka aikin haɗi na asuba ne ko na dare. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, kuma duk wanda ya yi fenti ya bar shi a buɗe zai tarar da shi da ƙaiƙayi, maganinsa a yayyafa ruwa a daɓen ɗaki kafin a fara, a kife kwali a kan aikin da zarar an gama. Katakon da za a shimfiɗa layi a kai kuma a ɗaga shi daga ƙasa, a raba shi da bango, saboda gara.

Na san akwai wanda zuciyarsa za ta yi masa waswasi game da hukuncin sura. Abin da malamai suka yi magana a kai shi ne surar abu mai rai, kuma ya tabbata a cikin ingantattun hadisai cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya shawarci wani mai sana'ar sura da ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Tarago da tasha da gada kuwa duk suna cikin wannan. Inda maganar take shi ne ƙananan mutane da shanu da Turawa kan jera a tasha, domin a mazhabar Malikiyya sura mai inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi, ta abu mai rai, ita ce aka hana, aka yi rangwame ga 'yar tsanar yara. Wanda ya bar tasharsa ba kowa bai rage kome daga sana'ar ba, wanda kuma yake son ƙarin bayani ya koma ga malaminsa.

Abin da ya fi damuna shi ne, duk kwalayen da na ambata tarihin wasu suke ɗauke da shi. Jirginmu ya yi shekaru yana kwasar gyaɗa daga dalar Kano, da auduga daga Funtuwa, da fatu da ƙiraga, da kuza daga Jos, da shanu a tsaye zuwa Ikko, waɗanda babu shakka a cikinsu akwai na ƙasar Daura da aka kora zuwa Kano a ƙasa. Ya kwashi 'yan kasuwa da sojoji da ɗalibai a taragun fasinja. Kawunan jirgi masu tururi da aka raɗa wa sunayen koguna sun ja shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙaramin layin Zariya zuwa Jos, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, an rufe shi a 1957. Taragun da suka yi wannan hidima suna ruɓewa a gefen tashoshi, masu sayen tsohon ƙarfe suna jiransu. Francis Jaekel ya rubuta tarihin reluwen Nijeriya a mujalladi uku da aka buga a Ibadan a 1997, akwai kuma ɗan gidan tarihi mai sunansa a Ebute Metta ta Ikko. Amma yaron Ɓaure ba zai je Ebute Metta ba, alhali zai tsaya awa guda a gaban taragon shanu mai tsawon tafin hannu idan aka ajiye shi a makarantarsu. Kwalin Ingila, a ganina, makaranta ce kawai: a haɗa tanki ɗaya ko biyu a koyi tartibi da ma'auni da muƙabala, sa'an nan a juyo gida. Hannuwan da za su yi aikin muna da su, ga maƙeran fari masu zobe da munduwa, ga 'yan tinka da ke yanka gwangwani su fitar da mazurari da fitila, ga yaran nan masu motar langa-langa, ga kuma ɗaliban Jami'ar Sufuri, waɗanda za su fi gane darasin birki da nauyi idan sun taɓa ƙera shasi da hannunsu sun ga ya ƙi shan kwana.

Taragon shanu ne nake ba da shawara a fara da shi, domin gefensa sanduna ne a jere, ba shi da lanƙwasa, ba shi da gilashi. A nemi izinin hukumar tasha a Kano ko Zariya, a je mutum biyu da igiyar awo da littafi, a auna tsawo da faɗi da tsayi, da tazarar ƙafafu, da faɗin ƙofa, da kaurin sanda ɗaya da sararin da ke tsakaninta da ta kusa da ita, a ƙidaya sandunan. A ɗauki hoto daga gefe sosai, ba a karkace ba, tare da jingina sanda mai tsawon mita ɗaya a jikin taragon domin ta zama shaida ga duk abin da aka manta ba a auna ba. A kuma kwafi lambarsa da duk rubutun da ke jikinsa, har da farantin maƙeransa idan yana nan. Idan an dawo gida a raba kowane adadi da 64, a zana shi a takarda mai layi, a yanka sandunan daga gwangwani ko siririn katako, ƙafafu da layi kaɗai za a saya, na milimita 16.5.